Kafin ka sayi kyamarar ɗaukar murjani, fara auna tankinka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ina miƙo gaisuwa daga nan ƙasar waje ga duk mai kallo, a duk inda yake. Yau za mu yi maganar ɗaukar hoton murjani mai rai, halittar nan ta teku da ake kiwo a cikin tankin ruwan gishiri: wace kyamara ce ta dace, wane lens za a ɗaura mata. Kun ga abin da ke hannuna, tef ɗin awo ne. Da shi za mu fara, domin tazarar da ke tsakanin gilashin gaba da murjanin da kake son ɗauka ita za ta zaɓa maka lens. Kyamarar kanta sai daga baya.

Bari in fara da abin da ake nufi da lens na makro, don masu kamfanoni suna rubuta kalmar a jikin lens barkatai. Makro na gaskiya shi ne wanda ke kai 1:1, wato abu mai faɗin milimita 10 ya sauka a kan sansar kyamara, wato farantin da ke karɓar hoton a cikinta, da faɗin milimita 10 cif. Babbar sansa, wadda ake kira ful-firem, milimita 36 ce da 24. Ke nan a 1:1 abin da zai cika hotonka daga gefe zuwa gefe bai wuce milimita 36 ba. Bakin murjanin Zoanthus guda ɗaya yakan kai kusan santimita 1, uku ko huɗu sun cika hoton. Na murjanin Acropora kuwa milimita 1 ne zuwa 2, sai da irin wannan lens za ka ga 'yan yatsunsu ɗaya-ɗaya. Lens mai zuƙowa da aka rubuta wa makro yawanci 1:3 ko 1:4 yake tsayawa. Ka duba wannan lambar a takardar lens kafin komai.

To, ga inda mutane da yawa ke asarar kuɗi. A jikin kowane lens akwai mafi ƙarancin nisan da zai iya kama fokas. Canon EF 100mm f/2.8L santimita 30 ne, Sony FE 90mm f/2.8 santimita 28, Nikon Z MC 105mm santimita 29. Amma ba daga bakin lens ake wannan awon ba, daga sansa ake yi. Ku dubi saman kyamarar nan, akwai wata 'yar alama, da'ira da layi ya ratsa ta, nan sansa take. Idan ka cire tsawon lens da kaurin jikin kyamara, abin da zai rage tsakanin bakin lens da murjani santimita 13 ne zuwa 15 ga lens masu milimita 90 zuwa 105. Ga lens mai 60 na ful-firem, kusan santimita 5 kacal. Ga mai 180, ya haura 20.

A fili, idan furen da kake ɗauka ya yi nisa, sai ka matsa. A nan gilashi ya tare ka, ba ka da ta cewa. Sai dai ruwa yana ɗan taimakon ka. Yana lanƙwasa haske ta yadda abin da ke ciki yake bayyana kusa da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu: murjanin da ke santimita 20 a bayan gilashi, lens yana ganinsa kamar yana 15. Idan ka yi lissafin, ka cire kaurin gilashi da 'yar tazarar da za ka bari don kada lens ya goga, lens mai 100 zai ba ka cikakken 1:1 har zuwa wajen santimita 16 a cikin ruwa. Mai 60 ba zai wuce 4 ko 5 ba, kuma wa ke ajiye murjaninsa dab da gilashi haka? Mai 150 ko 180 yakan kai 25 zuwa 30.

Ku duba, bari in ɗora tef a gefen tankin nan. Daga gaba zuwa baya santimita 60 ne. Waɗannan da ke kan yashi a gaba suna tsakanin 8 da 15, lens mai 100 ya ishe su. Wancan Acropora da ke saman dutse yana wajen 30. A can, mai 100 zai ba ni kusan 1:2, faɗin hoton ya zama santimita 7. Hoto ne mai kyau na reshen gaba ɗaya, amma bakunan za su fito ƙanana. Idan yawancin murjaninka a irin wannan nisa suke, ka yi tunanin mai 150 ko 180. Suna da nauyi, fokas ɗinsu ba sauri, kuma da yawansu tsofaffin ƙira ne da sai da adafta za su hau sababbin kyamarori. Ga yawancin tankuna dai, ni na tsaya a kan 90 zuwa 105. Tamron 90 da Sigma 105 ma suna cikin wannan sahu, kuma ta bayan gilashi da wuya ka bambance hotonsu da na masu tsada.

Akwai dalili na biyu da ya sa dogon lens ya fi. Hasken da ya ratsa ruwa da gilashi a karkace, launukansa ba sa lanƙwasa daidai da juna, sai ka ga gefen abu ya yi shuɗi-shuɗi ko ja-ja, hoton ya yi dishi-dishi. Lens mai faɗin gani yana karɓar haske a karkace daga gefuna ko da ka saita shi sosai. Dogon lens kusurwarsa ƙarama ce, kusan duk hasken miƙe yake shigo masa. Wannan ne kuma ya sa dole fuskar lens ta yi daidai da fuskar gilashi, babu ɗaga kai, babu sunkuyawa, babu karkata. In murjanin yana sama, ɗaga kyamarar gaba ɗaya. In yana hagu, matsa da ita hagu. Karkata kaɗan a gilashi mai kaurin milimita 12 ta isa ta lalata hoton lens mafi tsada, mutum ya yi ta zargin kayansa alhali tsayuwarsa ce. Tanki mai lanƙwasasshen gilashi kuwa, gaskiya ba shi da magani ta gaba, sai dai a ɗauka ta sama.

Yanzu kyamara. Abin da nake nema a jikinta bai da yawa: ta iya ɗaukar RAW (ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba), ta bar ni in saita komai da hannu, ta nuna histogiram (zanen da ke nuna yawan haske a hoto) na launuka uku daban-daban, kuma in iya zuƙo allon don in ga fokas. Kusan duk kyamarar da ake canza wa lens tana yin waɗannan, har wadda ta shekara goma. Saboda haka idan kuɗin ba zai kai ga biyun ba, a sa shi a lens.

Girman sansa fa? A nan ƙaramar sansa ba abin rainawa ba ce. Sansar da ake kira APS-C faɗinta wajen milimita 23 ne, saboda haka da lens ɗaya, daga wuri ɗaya, murjanin zai fi cika hoton fiye da na ful-firem. Wancan Acropora mai nisan 30 zai shigo da faɗin da bai kai santimita 5 ba maimakon 7. Sansar Micro Four Thirds kuma milimita 17.3 ce, kuma kamfanin OM System yana da lens mai 90 da ke kai 2:1. Inda ful-firem ta yi fice shi ne kifi, lokacin da za ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken sansa, don hotonta bai cika yin yashi-yashi ba. In tana da megafiksel 45 kana iya yanke tsakiyar hoton ka samu abin da APS-C za ta ba ka. Da mai 24 kuwa, ka yanke rabi ta kowane gefe, 6 ne za su rage maka.

Mu zo kan shuɗin nan, wanda shi ne ke fara karya wa sabon mai ɗauka gwiwa. Fitilun tankin murjani suna zuba haske mai yawa tsakanin nanomita 420 da 470, wato zangon shuɗi, ana kuma kwatanta launinsu da Kelvin (ma'aunin launin haske) 14,000 zuwa 20,000. Yawancin kyamarori saitinsu na Kelvin a wajen 10,000 yake ƙarewa. Idonka yana gyara launin da kansa, kyamara ba ta iyawa, sai hoto ya fito shuɗi fat. RAW yana ba ka damar gyarawa a kwamfuta, a manhajar Lightroom ma'aunin yana kaiwa 50,000. Amma akwai sharaɗi: kada sashen shuɗi ya cika ya tumbatsa. Histogiram na gama-gari zai nuna maka komai lafiya, alhali na shuɗi ya manne a bangon dama, wato ya kai maƙurar haske, kuma abin da ya ƙone a nan ba ya dawowa. Ka buɗe na launuka uku, ka rage haske har shuɗin ya saki bango.

Hanya ta biyu ita ce filta mai ruwan lemo ko rawaya a bakin lens. Tana tare yawancin shuɗin, ta bar kore da ja da murjanin ke fitarwa. Wannan ƙyallin daga wasu sinadaran furotin yake a jikin murjani, suna shan shuɗi su mayar da wani launi. Filtar tana cin haske, kuma in ta yi duhu da yawa murjani mai launin shuɗi ko shunayya zai koma toka-toka. Ga wanda ke ɗauka da waya ko JPEG, kusan dole ce. Ga mai RAW, na fi son a rage shuɗin fitila na ɗan lokaci, a sa farin roba ko katin toka mai jure ruwa a cikin tanki, a daidaita fari a kansa. A rage shuɗi na ce, kada a ɗaga farin haske ya wuce abin da murjanin ya saba. Filasha kuma tana danne ƙyallin nan, murjanin ya fito ruwan ƙasa, don haka ba na amfani da ita a kansa.

Wani abu game da fitilun LED: da yawansu ana rage haskensu ne ta hanyar kunnawa da kashewa cikin tsananin sauri. Idan ka ga layuka masu duhu sun ratsa hotonka, fita daga ƙiftawar kyamara (shata) ta lantarki mara ƙara ka koma ta inji, ko ka rage saurin ƙiftawar.

Sai kaurin wurin da ke fitowa tar. A 1:1 da f/8 (lambar f tana nuna tsukewar ƙofar hasken lens) a ful-firem, kusan milimita 1 ne. A f/16, milimita 2. A 1:2 da f/8, wajen 3. Za ka ce to a tsuke ƙofar haske zuwa f/22 mana. Matsalar ita ce a 1:1 hasken da ke isa sansa ya riga ya ragu da mataki biyu, f/8 tana aiki kamar f/16, kuma tsukewa fiye da kima tana sa hoton gaba ɗaya ya yi laushi. Kyamarorin Nikon suna nuna maka wannan lambar ta ainihi, shi ya sa lens ɗinsu na f/2.8 ba ya nuna 2.8 idan ka matso kusa. Ba lalacewa ya yi ba. Ni ina zama tsakanin f/8 da f/11.

In kana son reshen ya fito tar daga gaba har baya, sai ka ɗauki hotuna da yawa, kowanne fokas ya ɗan gusa, ka haɗa su a manhajar Helicon Focus ko Zerene Stacker. Wannan ne wuri ɗaya da zan ce sabuwar kyamara ta cancanci ƙarin kuɗi, domin da yawansu suna gusa fokas ɗin da kansu, wasu na OM System har haɗawa suke yi a ciki. Yana aiki a kan Acropora da Montipora masu tsayawa cak. A kan Euphyllia mai dogayen yatsu da ke kaɗawa, ɓata lokaci ne, hoto ɗaya za ka yi da ƙiftawar 1/125 na daƙiƙa ko wadda ta fi ta sauri.

Ga yadda nake shirya ɗauka. A goge gilashi ciki da waje tun da wuri, don gansakukar da aka kankare ta samu lokacin wucewa ta matata. A kashe fitilun ɗaki, a ja labule, a sa tufafi masu duhu, in ba haka ba kai da kanka za ka bayyana a gilashin. Malfar bakin lens ta roba mai laushi, wato zoben da ke tare haske, tana taimakawa, kana iya jingina ta da gilashi ta tare hasken gefe ba tare da ta karce ba, musamman a tankin akirilik. A kashe famfunan tura ruwa, a jira minti 5 ƙura ta kwanta. Ka sa ƙararrawa a waya, domin ruwan da ya daɗe a tsaye iskar oksijin ɗinsa raguwa take yi, kuma mantuwa a nan tana kashe kifi. Kyamara a kan mai ƙafa uku, ISO 200 zuwa 400, fokas da hannu tare da zuƙo allo, sannan jinkirin daƙiƙa 2 don girgizar yatsa ta wuce.

Kifi lissafinsa daban. Famfo na iya ci gaba da aiki, kyamara a hannu, 1/250, f/5.6, ISO 1600 zuwa 3200, fokas mai bin motsi a kan ido. Ka kunna maɓallin da ke taƙaita zangon fokas a gefen lens, don kada ya yi ta kai da kawowa tun daga 1:1 har ƙarshe. Kada ka bi kifin kana juya kyamara, ka tsaya daidai da gilashi ka jira ya shigo.

Wanda bai shirya sayen lens ba tukuna yana iya gwada gilashin ƙara girma Raynox DCR-250 a bakin lens ɗin da yake da shi, amma ya sani ba ya kama abin da ya wuce santimita 12.5 a iska, na gaba-gaba kawai zai samu. Zoben tsawaita lens ma haka, yana ƙara girma yana cinye nisa, kuma nisan ne abin da muke nema.

Ɗauka ta sama kuwa tana nuna launin da ba a gani ta gefe, saboda nan ne fuskar da ke kallon fitila. Ana amfani da akwatin leƙe mai gindin akirilik, a nutsa gindinsa kaɗan don ya kawar da kaɗawar saman ruwa. Ko kuma ƙaramar kyamarar OM System TG-7, wadda ke shiga ruwa har mita 15, tana kama fokas daga santimita 1, tana ɗaukar RAW, sai dai sansarta ƙarama ce, ISO ya haura 400 hoton ya fara lalacewa. In za ka sa hannu kusa da Zoanthus ko Palythoa, sa safar hannu, wasunsu suna ɗauke da guba mai haɗari. Ka rataya igiyar kyamara a wuya ko a hannu duk lokacin da take saman tanki. Da ka gama, goge jikin kyamara da lens da ƙafafun da tsumma mai ɗan damshin ruwan daɗi, ka busar, domin feshin gishirin da ba ka gani ba shi ke cin sukurori da zoben fokas. Sannan ka leƙa ka tabbata duk famfunan sun tashi. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, a huta lafiya.