Agogon jiki da 'yan wasa mata: barci bayan doguwar tafiyar jirgi

Assalamu alaikum, kociyoyi, likitocin tim, da ku 'yan wasa, sannunku da zuwa.

Da farko mu raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Gajiyar tafiya daban, wannan kwana ɗaya ka yi barci mai kyau ka sha ruwa ta wuce. Rikicewar agogon jiki kuma daban, ita sai an tsallaka ƙasashen da lokacinsu ya bambanta da naka. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da ke riƙe lokaci, hasken da ke shiga ido ne yake saita shi, kuma binciken yadda agogon nan ke aiki ne ya sa aka ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel a 2017. Agogon yawancin mutane ya ɗan haura awa 24, shi ya sa tafiya yamma ta fi sauƙi, gabas kuwa lissafin da ake yi shi ne kusan kwana ɗaya kan kowace awa ta bambanci kafin jiki ya daidaita.

To ku ɗauki gasar kofin duniya ta mata ta 2023 a Ostireliya da New Zealand. Tim ɗin da ta taso daga Ingila ta sauka Sidni, awa 9 ne tsakani. Yanzu ku saurara da kyau don nan ne ake yin ɓarna. Zafin jikin mutum yana yin ƙasa sosai wajen ƙarfe 4 zuwa 5 na asuba a lokacin gida, hasken da ya same ki bayan wannan lokaci yana jawo agogon gaba, wanda ya same ki kafinsa kuma yana tura shi baya. Ƙarfe 4 na asubar Landan ai ƙarfe 1 na rana ne a Sidni, kenan kocin da ya tashe su ƙarfe 7 na safe ya ce a fita a sha hantsi don a ware, wallahi baya yake tura su bai sani ba, alhali gaba ake so agogonsu ya matso. Kwanakin farko baƙin gilashi da safe, atisaye mara nauyi, hasken rana kuma da la'asar, kullum ana matso da shi sannu a hankali.

Sai abin da ya fi damuna. Yawancin binciken da aka gina waɗannan shawarwari a kai, a kan maza aka yi shi, alhali mace tana ɗauke da agogo na biyu, na wata-wata. Bayan fitar ƙwai sinadarin firojestaron yana ɗaga zafin jiki kamar digiri 0.3 zuwa 0.5, kuma barci yana son jiki ya huce ne kafin ya zo, shi ya sa da yawa suke kokawa da barci dab da al'ada, to ki haɗa wannan da awa 9 da ciwon mara da kujerar jirgi ki gani. Wadda take wannan mataki a ba ta ɗaki mai sanyi, a rage mata nauyin atisaye, kar a ce lalaci ne. Kuma koci, ba kai za ka tambaye ta ranakunta a gaban jama'a ba, a samu likita ko ma'aikaciya mace da za ta riƙe wannan bayani cikin sirri.

Kofi ma haka. Rabin kafeyin yana fita daga jiki cikin awa 5 ko makamancin haka, amma mai shan ƙwayar tsarin iyali lokacin kan kusan ninkawa, kofin la'asar yana nan a jininta har tsakar dare. Ƙarancin sinadarin ayon kuma, wanda ya fi yawa a mata saboda jinin al'ada, yana iya kawo wannan ƙaiƙayin motsa ƙafa da dare, a gwada jini tun kafin tafiya.

Melatonin, ƙwayar da ake sha don saita lokacin barci, ba ya cikin jerin abubuwan da WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, ta haramta, amma lokacin shansa ne magana, kuma ƙwayoyin kasuwa wani lokaci da gurɓata a ciki, kar ki sha komai sai ta hannun likitan tim. Barcin rana minti 20 zuwa 30 ya isa.

Sauran kuma kuɗi ne, mu faɗi gaskiya. Sai a 2024 gasar kwando ta mata ta Amurka, WNBA, ta fara ɗaukar duk tim-tim a jirgin shata. Inda ba a da wannan hali, aƙalla a sayi tikiti da wuri a isa da kwanaki a hannu, a kuma fara matso da lokacin kwanciya da rabin awa zuwa awa ɗaya kullum tun kwana 3 kafin a tashi.