Shara a Ubuntu: abin da za ka duba kafin ka danna Y

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau tsintsiya muka ɗauko. Idan Ubuntu kake amfani da shi, ko Debian, ko Linux Mint, kuma kwamfutarka irin tokumbon nan ce mai ƙaramin ma'aji, to matso kusa.

Ga yadda sharar take taruwa. Kana son manhajar kallon bidiyo ta VLC, ka buɗe terminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta sudo apt install vlc. Abu ɗaya ka nema, amma dubi allo: ga libvlc5, ga vlc-data, ga vlc-plugin-base, ga wasu rututu. Mutum ɗaya ka gayyata biki, ya zo da 'yan rakiya, kuma ba laifinsa ba ne, don ba ya iya aiki sai da su. Shi kuwa apt, wato mai sauke manhajoji da cire su, akwai shi da rubutu. Wanda ka kira da bakinka ya sa masa alamar manual, 'yan rakiya ya sa musu auto. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bayan wata uku ka gaji, ka ce sudo apt remove vlc. Baƙo ya tafi, 'yan rakiya suna nan zaune a zaure. Kuma remove ba ya taɓa fayilolin saitin da manhaja ta ajiye a /etc. In ka rubuta dpkg -l ka ga layi ya fara da rc, ma'anarsa ke nan: an cire manhajar, saitinta ya rage. Mai kwashe har da saitin shi ne apt purge. Amma ko shi ba ya shiga babban fayil ɗinka na home, can sai ka share da hannunka.

To wa zai sallami 'yan rakiya? sudo apt autoremove. Yana bin masu alamar auto ɗaya bayan ɗaya, duk wanda babu sauran manhajar da ta dogara da shi ya jera shi. A nan ne ake samun wuri sosai, domin tsofaffin kernel, wato zuciyar tsarin Linux, su ma suna cikin jerin. Duk lokacin da aka sabunta kernel sai sabon ya sauka a /boot, tsohon kuma yana nan. Apt ba ya cire wanda kake kai a yanzu, amma rubuta uname -r ka ga lambarsa da idonka, hankalinka ya kwanta.

Yanzu saurara da kyau. Autoremove bai san abin da kake amfani da shi ba. Alama kawai ya sani. Ni kaina na sha wannan ɗacin. Ina da wani ɗan shiri da na rubuta da Python, yana dogara da python3-numpy. Ashe ban taɓa sauke numpy da kaina ba, rakiyar wata manhaja ya yi. Na cire manhajar, na yi autoremove, da ya nemi amincewata ko kallon jerin ban yi ba na danna Y. Washegari shirin ya ce bai san zancen ba. Ga dare, ga data ta ƙare.

Saboda haka fara da gwaji: apt -s autoremove. Wannan -s ɗin zai nuna maka abin da zai faru ba tare da ya taɓa komai ba. Karanta jerin a tsanake. Ka ga sunan da kake buƙata, rubuta sudo apt-mark manual, sai sunan. Shi ke nan ya tashi daga ɗan rakiya ya zama ɗan gida. In kuwa ka ga jerin ya yi tsawo har da sunaye irin gnome-shell ko xorg, masu nuna maka fuskar kwamfuta, tsaya cak, danna n. In ba haka ba, kana dab da tayar da kwamfuta ka tarar da baƙin allo. Wanda ya riga ya yi ɓarna kuma, ya buɗe /var/log/apt/history.log, duk abin da aka cire yana rubuce da ranarsa.

Saura rumbun /var/cache/apt/archives, inda fayilolin deb, wato ƙunshin manhajojin da aka sauke, suke zama. Umarnin sudo apt clean yana share su duka. Ni dai autoclean na fi so, wanda ke cire tsofaffin da ba a iya saukewa kuma. Abin da na riga na saya da kuɗin data, ban ga dalilin zubar da shi ba sai in wuri ya ƙure.

Mutanen Fedora, naku dnf autoremove ne. Na Arch, pacman -Qdt zai nuna muku marayun, haka ma suke kiransu.

Bari mu gwada a wannan kwamfutar. Umarnin df -h tukuna, mu rubuta adadin wurin da ya rage, sannan mu fara.