Gubar da ido ba ya gani: abin da aka gaya wa mutanen Canobil da na Fukushima

(An rubuto wannan daga faifan laccar da aka gabatar wa ɗalibai da yammacin wata Asabar. An rage maimaici kaɗan.)

Bismillahir Rahmanir Rahim. Shugaban taro, malamaina da ke zaune a gaba, ɗalibai maza da mata, assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla.

Zan fara da wata sanarwa da aka yi a rediyo ranar Lahadi, 27 ga Afrilun 1986, a garin Pripyat na ƙasar Yukiren, lokacin tana cikin Tarayyar Sobiyet. Aka ce wa mutanen gari, su kusan dubu 49, kowa ya ɗauki takardunsa da 'yan kayan buƙata da ɗan abinci, motoci za su zo ƙofar gida da ƙarfe biyu na rana. Aka nuna musu tafiyar ta kwana uku ce. Mata suka bar shanya a kan igiya, yara suka bar karnukansu. Har yau ɗin nan da nake magana ba a koma garin ba.

Abin da ya kore su ya faru ne tun ƙarfe ɗaya da minti 23 na daren Juma'a wayewar Asabar, sa'ad da tukunya ta huɗu ta tashar nukiliya ta Canobil, wato wurin da makamashin nukiliya ke ba da zafin da ake yin lantarki da shi, ta fashe, kilomita uku kacal daga garin. Ku lissafa: awa 36 ke nan. A cikin awannin nan yara sun je makaranta, an ci kasuwa, an yi bukukuwan aure, alhali wuta na ci a cikin tukunyar tana watsa burbushinta sama.

Ga inda wannan masifa ta bambanta da waɗanda muka saba. Gobara, ka ga hayaƙi ka gudu. Ambaliya, ruwa ya zo maka gwiwa ka san abin yi. Ko kwalara ce, ka ga maƙwabcinka ya kwanta. Tururin nukiliya kuwa ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. Kana iya tsayawa a tsakiyarsa kana shan iska kana cewa yau gari ya yi daɗi. Sai mai na'urar awo ne ya san abin da ake ciki, kuma na'urar tana hannun hukuma da kamfani. Saboda haka a irin wannan rana talaka makaho ne, bakin hukuma ne sandarsa. Duk laccar tawa a kan sandar nan take.

Duniya ba daga Mosko ta ji labarin Canobil ba. Ranar Litinin 28 ga wata, a tashar nukiliya ta Forsmark da ke ƙasar Suwidin, fiye da kilomita dubu daga wurin, na'ura ta yi ƙara a kan takalmin wani ma'aikaci. Suka duba tasharsu, lafiya lau. Suka bi iska, suka ga daga gabas abin yake zuwa. Sai da Suwidin ta matsa, a daren nan gidan talabijin na Sobiyet ya karanta sanarwa ta 'yan layuka. Ranar 1 ga Mayu aka fito da yara faretin ranar ma'aikata a birnin Kiyef kamar ba abin da ya faru. Shugaba Gorbachev bai yi wa jama'arsa jawabi ba sai 14 ga Mayu, bayan kwana 18.

Wani zai ce, to ai abin ya riga ya fashe, shirun me ya ƙara? Madara, jama'a. Madarar shanu.

A cikin abin da tukunya ke fitarwa akwai wani nau'in aidin mai guba, ana ce masa aidin-131. Yana sauka a kan ciyawa, saniya ta ci, ya bi ta nononta, yaro ya sha. A wuyan kowannenmu akwai wani ɗan ƙullutu, wanda in ya kumbura muke cewa maƙoƙo. Aikinsa tara aidin, kuma bai san mai kyau da mai guba ba, duk wanda ya zo kamawa yake. Shi kuma aidin-131 ba ya daɗewa, duk kwana takwas rabinsa yake mutuwa. Wato da an ce wa iyaye mata, kada a ba yaro madarar ƙauye na 'yan makonni, da an tare mafi yawan ɓarnar. Ba a faɗa a kan lokaci ba. Ya zuwa 2005 an samu sama da mutum dubu shida da sankarar wannan ƙullutu cikin waɗanda suke yara a lokacin, a Belarus da Yukiren da yammacin Rasha. Maƙwabciyarsu Folan kuwa, cikin 'yan kwanaki ta raba wa miliyoyin yara ruwan aidin mai kyau, don ƙullutun ya ƙoshi ya ƙi karɓar mai gubar, ta kuma hana sayar da madarar shanun da ke kiwo a fili. Magani mai araha da magana ɗaya, shi ke nan.

In na tsaya a nan za ku ce ai gwamnatin kwaminisanci ce, ɓoye-ɓoye ɗabi'arta ce. Shi ya sa zan fi daɗewa a Japan, ƙasar da ke da zaɓe, da jaridu masu 'yanci, da injiniyoyin da duniya ke sara wa.

Ranar 11 ga Maris 2011, da ƙarfe uku saura kwata na rana, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta auku a tekun gabashin Japan. Ba a yi awa ɗaya ba igiyar ruwa ta haura katangar tashar Fukushima Daiichi ta kamfanin TEPCO, ta nutsar da janaretocin da ke ƙasan gini. Tukunyar nukiliya ko an kashe ta tana ci gaba da fitar da zafi, kamar garwashin da aka rufe da toka, dole famfo ya yi ta zagaya mata da ruwa. Ba wuta, ba famfo. Tukwane uku suka narke.

Yanzu ku sa kanku a matsayin magidanci a yankin. Daren farko aka ce na cikin kilomita biyu su tashi, can aka ce uku. Da asuba aka ce goma. Da yamma, bayan ginin tukunya ta ɗaya ya yi bindiga, aka ce ashirin. Duk a cikin kwana ɗaya. Akwai waɗanda suka yi ƙaura sau huɗu, sau biyar. Kwanaki kaɗan bayan haka Amurka ta ce wa 'yan ƙasarta su nisanci wurin da kilomita 80. Kai da kake zaune a kilomita 30 da jaririnka, maganar wa za ka kama?

Akwai gari da ake kira Namie, mai mutum kusan dubu 21. Shugaban garin, Tamotsu Baba, ya sha faɗa cewa a talabijin ya ga umarnin tashi. Ba wanda ya ce musu ga inda za su nufa. Suka yi tunani irin na mutanen da suka san ƙasarsu: lokacin sanyi ne, iska daga arewa take busowa, to mu yi arewa. Dubbai suka tafi yankin Tsushima, arewa maso yamma, suka kwana uku a can. Yara na wasa a waje, ana dafa shinkafa da ruwan rafi. Ashe iska ta juya, kuma nan ne hanyar da burbushin ya bi. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Abin da ya fi ƙona musu rai daga baya shi ne gwamnati tana da wata manhajar kwamfuta mai suna SPEEDI, wadda aka kashe maƙudan kuɗi aka gina don wannan rana: ta duba iska da tsaunuka ta nuna inda burbushi zai nufa. Tana ta fitar da taswira tun ranar farko. Ba a nuna wa jama'a komai ba sai 23 ga Maris, shi ma kaɗan. Daga baya aka gano an miƙa wa sojojin Amurka bayanan tun 14 ga wata. Ma'aikatan sun kawo uzurinsu, kuma adalci ne in faɗe shi: sun ce da wuta ta ɗauke ba su san yawan abin da ke fita daga tukwanen ba, don haka taswirar kintace ce. Na yarda ba su san yawa ba. Amma sun san inda iska ta dosa, kuma abin da Baba yake buƙata ke nan, arewa ko kudu. Wani babban mai ba firaminista shawara, Goshi Hosono, ya fito ya ce an riƙe bayanan ne don gudun kada jama'a su firgita.

Wannan kalma ta “kada a firgita jama'a” ku riƙe ta, don za ku ji ta a bakin kowace hukuma a duniya. Ni a ganina, mai faɗarta ya riga ya yanke hukunci cewa mutanensa yara ne.

Sai kuma lafazi. Kakakin gwamnati Yukio Edano ya yi ta maimaita cewa abin ba zai yi illa ga lafiya “nan take” ba. A ilmance bai yi ƙarya ba. Amma uwa mai goyo ba “ba illa” take ji ba, “nan take” take ji, sai ta ce, to nan da shekara goma fa? Ranar 23 ga Maris aka ce ruwan famfon Tokiyo ya wuce ƙa'ida ga jarirai, kafin dare ruwan gora ya ƙare a shaguna. Shi kuma TEPCO bai amsa cewa tukwanen sun narke ba sai watan Mayu, kuma a 2016 kamfanin da kansa ya yarda shugabansa na lokacin ya umarci ma'aikata kada su furta kalmar “narkewa”. Ramin ƙarya ƙurarre ne, sai dai kafin ya ƙure mutane sun daina yarda ko da gaskiyar da aka gaya musu. Talakawa suka sayi na'urorin awo nasu, wata ƙungiyar sa-kai mai suna Safecast ta riƙa ɗaura su a jikin motoci tana zagayawa tana sa sakamakon a intanet.

Kada kuma ku fita daga nan da tunanin cewa gudu shi ne magani kullum. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ba a sa ran ganin ƙaruwar cututtuka a fili saboda tururin Fukushima. Abin da ya kashe mutane shi ne kwashewar da ba shiri. An loda tsofaffi marasa lafiya daga asibitin Futaba a motocin bas, awanni masu yawa a hanya cikin sanyi, sama da 40 suka rasu. A jihar Fukushima, waɗanda wahalar gudun hijira da zaman sansani ta kashe sun haura dubu biyu, sun fi waɗanda girgizar da ruwan suka kashe a jihar. Cibiyar da aka gina don jagorantar agaji, kilomita biyar daga tashar, ba ta da matatar iska, sai da aka gudu aka bar ta. A Yulin 2012 kwamitin binciken majalisar dokokin Japan, ƙarƙashin Kiyoshi Kurokawa, ya ce wannan bala'i ne da ɗan Adam ya jawo. A lokacin, hukumar da ke sa ido kan tashoshin tana ƙarƙashin ma'aikatar da aikinta tallata nukiliya ne. An ba kura ajiyar nama. Kuma an daɗe ana gaya wa jama'a cewa hatsari ba zai yiwu ba, har aka ga yin atisaye mai tsanani tamkar ƙaryata kai ne.

Mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani kan abin da rashin yarda ke jawowa ba. Wanda ya ga yadda aka ƙaurace wa allurar shan-inna a 2003 ya san cewa in zargi ya shiga tsakanin hukuma da jama'a, shekaru ake yi ana gyara.

Na ga hannu a can. Bismillah, ɗana.

(Wani ɗalibi ya tambaya ko tukunyar da ke Zariya tana iya yin irin na Fukushima.)

Tambaya mai kyau. A'a. Wadda ke Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta bincike ce, ta fara aiki a 2004, ƙarfinta wajen kilowat 30, kamar a kunna dutsen guga talatin. Ƙaramar tukunyar Fukushima kuwa megawat 460 na lantarki take bayarwa. Ba haɗi. Maganar manyan tashoshi da aka yi ta yi da kamfanin Rosatom na Rasha, ana ambatar Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom, wannan in ta tashi sai a yi tambayoyin mutanen Namie tun kafin a haƙa fandisho.

Abin da ya fi kusa da mu, in ka tambaye ni, jari-bola ne. A Satumbar 1987, a birnin Goiania na ƙasar Barazil, wasu mutum biyu suka shiga wani tsohon asibitin gashin sankara da aka bari, suka ciro wani ƙarfe suka sayar wa mai sayen tsofaffin ƙarafa. A cikinsa akwai wani gari mai ƙyallin shuɗi cikin duhu, sinadarin siziyom-137. Mutumin ya ɗauka abin albarka ne, ya kai gida, ya ɗiba ya ba 'yan'uwa. Wata yarinya 'yar shekara shida ta shafa a hannu ta ci abinci. Mutum huɗu suka rasu har da ita, aka auna mutum dubu 112 a filin wasa, aka samu 249 da gubar a jikinsu ko a tufafinsu. Sama da mako biyu ana amai ana cewa gurɓataccen abinci ne. Matar mai jari-bolar ce ta lura tun da abin nan ya shigo gida kowa ke ciwo, ta sa shi a jaka, ta hau bas, ta kai ofishin lafiya ta ajiye a kan tebur. Ita ma ba ta rayu ba.

Muna da hukumar da ke kula da irin waɗannan kayan, NNRA, tana Abuja. A ɗakin nan, wa ya taɓa jin sunanta kafin yau? Ɗaga hannu. Ɗaya, biyu... Malam, kai ba ka cikin lissafi, kai ka koyar da ni.

Shugaba na nuna mini agogo, an kuma kira salla. Sauran tambayoyin sai mun dawo daga masallaci.