Batagarawa: Rumbu, Taki da Yunwar Damina

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da ke zaune a sahun gaba, malamaina, ɗalibai maza da mata, ina gaishe ku. Allah ya saka da alheri da kuka bar harkokinku kuka zo.

An ce in yi magana a kan tarihin ƙauye da yadda mutanensa ke zama. Shi kuwa ƙauye ba a maganarsa a dunƙule, sai an kama suna. Ni Batagarawa na kama, wadda ke kudu da birnin Katsina, tafiyar kilomita 10 ko kusa da haka. Na san wani zai ce ai Batagarawa yanzu hedikwatar ƙaramar hukuma ce, ina ƙauye a nan? Gaskiyarsa. Amma wadda nake so mu leƙa ita ce ta 1967: garin manoma mai mutum wajen 1,400, mazaunin Mallamawa, hakimin ƙasar, garin da ko kasuwa ba ta ci a cikinsa.

Abin da ya sa na zaɓi wannan shekara shi ne, a cikinta wata Baturiyar Ingila mai nazarin tattalin arziki, Polly Hill, ta zo ta yi watanni tana bincike a garin. Kafin nan ta daɗe a Ghana tana nazarin manoman koko. Aka auna gonaki, ta bi gida-gida tana tambayar wa ke da me, wa ya sayar, wa ya saya, wa ke bin wa bashi. A 1972 ta fitar da littafinta a kan garin. Ƙauyukanmu da suka sami irin wannan rubutu ba su da yawa, mafi yawansu tarihinsu yana bakin tsofaffi ne, tsoho kuwa in ya tafi ya tafi da kayansa.

Bari in ɗan koma baya, a gurguje. Bayan Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, suka kafa Maraɗi, daga can suka yi ta kawo hari ƙasar Katsina shekara da shekaru. Tsofaffi har yanzu suna ambaton Ɗan Baskore, ɗaya daga cikin sarakunan Maraɗin da suka kawo harin. Wannan ne ya sa manomin wancan zamani yake kwana a cikin ganuwa, ya noma abin da ke kusa da ita, don in an ji kururuwa ya iya rugowa gida. Turawa suka shigo a 1903, Sarki Muhammadu Dikko ya hau a 1906, jirgin ƙasa ya iso Kano, gyaɗa ta zama kuɗi, haraji ma ya koma sai da tsabar kuɗi. A tsakiyar wannan aka yi yunwar 1914, wadda ake kira Kakalaba, aka sake yin 'Yar Buhu a 1927. Dattawan da Baturiyar nan ta tarar a 1967, da yawansu da wayonsu aka yi waɗannan.

To, ga inda nake so mu daɗe.

Mu 'yan boko muna da wata magana da muke jin daɗin faɗa, wai a ƙauye kowa daidai yake da kowa, ƙasa ga ta nan a yalwace, wanda ya yi noma ya ci, wanda bai ci ba raggo ne. Binciken Batagarawa ya rushe wannan magana. An ƙirga magidanta masu noma 171, aka nemi mutanen garin da kansu su rarraba su, aka ba su ma'auni guda: yaya kowane gida yake kasancewa a tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba? Aka sami gida 17 da ba sa jin komai, har su ba wani kyauta ko rance. Gida 45 suna riƙe kansu, amma ba su da abin miƙa wa maƙwabci. Gida 68 suna ɗan jigata. Gida 41 kuwa wahala suke sha sosai. Ku haɗa 68 da 41, ya ba ku 109. Wato kusan kashi biyu cikin uku na garin suna shiga damina da fargaba. Na sama suna da gonar taki wajen eka 20 kowannensu, na ƙasa ba su cika eka 3 ba.

Ku lura fa, daji yana nan a lokacin. Wanda yake so zai iya zuwa ya yi sassabe. Me ya hana talaka? Nan ne abin tausayin yake, kuma duk wanda ya tashi a karkara ya san shi, ko bai taɓa buɗe littafi ba.

Da kaka ta yi, mai ƙaramin ƙarfi yana da haraji a wuyansa, ga bashin da ya ci da damina, ga suna ko aure da aka jinkirta sai an yi girbi. Dole ya fitar da damman gero ya sayar a lokacin da hatsi ya fi arha a duk shekara. Wa zai saya? Maƙwabcinsa mai hali, wanda zai zuba a rumbu ya liƙe. Rani ya wuce, bazara ta zo, rumbun talaka ya yi ƙasa. Ruwa ya sauka, an yi shuka, ciyawa ta taso tana son a yi noman fari cikin 'yan kwanakin nan, gidan kuwa babu abin ɗorawa a murhu. Sai ya saɓa fartanyarsa ya tafi ƙwadago gonar wancan mai halin, ya yini, a biya shi, ya auno mudu biyu na hatsin da wataƙila shi ne ya sayar da kaka, amma yanzu da tsada. Kafin ya waiwayi tasa gonar ciyawa ta rufe geron. In abin ya ƙi, ya ci falle, a ba shi dami ɗaya ya biya biyu da kaka, abin da malamai suka daɗe suna cewa riba ce. In ya ƙara matsuwa, ya jinginar da gonar. Jingina kuwa, kun sani, ba kowacce ke dawowa ba. Mutumin nan yana aiki tun asuba har faɗuwar rana, talauci ne ya hana shi noma gonarsa. Ni raina yana ɓaci in na ji an kira irinsa raggo.

Sai taki. Gonakin da ke kewaye da garin, na karkara, kowace shekara ake noma su ba hutu, abin da ke riƙe su shi ne taki. Da rani za ka ga jakuna da mangala suna jigila: kashin awaki da tumaki, toka, sharar gida, juji. Mai hali yana iya kiran Bafulatani ya sauke garkensa a gonar, ya ba shi damman dawa, shanu su ci kara su bar masa kashi. Talaka kuwa, akuyar da za ta ba shi taki ita ya fara sayarwa da yunwa ta matsa. Wani ma takin gidansa yake sayarwa. Gona biyu iyaka ɗaya, ruwa ɗaya ya sauka a kansu, amma ta wannan zangarniya kamar damtse, ta wancan kamar yatsa.

Kada ku ɗauka ina cewa garin ba tausayi. Akwai zakka, dami ɗaya cikin goma. Akwai aron gona. Akwai gayya, inda samari za su taru da makaɗi su nome wa mutum gonarsa a yini ɗaya, shi kuma ya yi tuwo da fura, ko da yake gayyar ma ta fi zuwa gonar wanda ke iya ciyar da ita. Babban abin da ke riƙe gida shi ne gandu. 'Ya'ya maza, har masu aure, suna yi wa uba aiki a babbar gona daga safe zuwa azahar, da yamma kowa ya tafi gayaunarsa, abin da ya samu can nasa ne. Uba kuma shi ke da ciyarwa, da haraji, da kayan aiki, da yi wa yaro aure. Yarjejeniya ce, ba bauta ba, kowane ɓangare ya san haƙƙinsa. Abin da aka gani a Batagarawa shi ne, gandun uba da 'ya'ya yana ɗorewa, musamman a gidan masu hali, amma da uba ya rasu, gandun wa da ƙane ba ya daɗewa, sai a raba gado. Ɗan talaka kuwa tun uban yana raye yake zamewa, don me zai tsaya yin aiki a gonar da ba ta ciyar da shi? Ya tafi cin rani, wani ya dawo, wani shi ke nan.

Na ce muku garin ba shi da kasuwa. To ina ake ciniki? A cikin gidaje, a hannun mata. Matan aure suna kulle, amma kusan kowane zaure ka wuce akwai abin da ake sayarwa a bayansa: wannan tana awon hatsi, waccan tana matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wata fura, wata ƙosai, wata daddawa. Yara su ne ƙafafunsu, su kai talla, su kawo labarin nawa ake sayar da mudu a gidan wance. Har mai rumbun nan, in ya tashi fitar da hatsinsa da damina, sau da yawa matarsa ce ke aunarwa. Kuɗin mace kuma nata ne, ta yi adashi, ta sayi akuya, ta tara wa 'yarta kwanoni, wani lokaci ta ranta wa mijinta ya biya ta. Na tashi a wani ƙauye na ƙasar Katsina da zamansa bai bambanta da wannan ba, kuma na tuna shekarar da hatsinmu ya ƙare tun gero bai yi ciki ba. Tunkiyar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ita ta kai mu kaka. Jami'in gwamnati da ya zo ƙirgar masu sana'a a wancan zamani, da ya rubuta ta a matar gida marar aiki.

Abubuwa sun canza, wasu ma zuwa alheri. A 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta a lokacin, aka sauke wa talaka wani dutse da ke sa shi sayar da hatsi da kaka. Takin zamani ya shigo, amma shi ma ya bi tsohuwar hanya, mai kuɗi a hannu ke samunsa a kan kari. A 1987 aka yi jihar Katsina, birni ya fara miƙe ƙafa. Yau in ka bi hanyar Dutsin-ma za ka ga makarantu manya, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da aka kafa a 2006, ga gidajen bulo inda da gero ne. Ina murna da makarantun, 'ya'yanmu ke karatu a ciki. Abin da ke damuna shi ne gonar karkara, wadda kaka da uba da ɗa suka yi ta zuba wa taki da mangala shekara aru-aru, a wuni ɗaya ake yanka ta fuloti. Mai eka 20 in ya sayar da biyar ya sayi mota, ya buɗe shago, sauran tana nan. Mai eka 3 in ya sayar, kuɗin ya tafi a aure da magani, ya wayi gari lebura a kan ƙasar da ubansa ya noma.

Ɗalibai, ku nake nufi da wannan ta ƙarshe. Gidaje 171 ɗin nan ba su ɓace ba, jikokinsu suna nan, wasu ma ina zaton suna cikin ɗakin nan. Kowannenku yana da waya mai ɗaukar murya. Ku je ku gaida Mallamawa ku nemi izini, ku sami masu unguwanni su haɗa ku da dattawa, ku tambayi kowane gida gonar kakansu tana hannun wa yau, kuma a wane wata hatsinsu ke ƙarewa. Ku tafi da 'yan'uwanku mata, don su ne za su iya shiga cikin gida su zauna da tsofaffi mata. Kuma ku je da rani, in kun je da damina ba wanda zai ajiye fartanya ya saurare ku.

Wassalamu alaikum. Mai tambaya ya ɗaga hannu.