Foyinta fanko ce, amma shirin bai faɗi ba

[Allo: layukan C++]

Assalamu alaikum. Ɗaliban kwamfuta na nan Sakkwato, na san hoton nan ya iso wayoyinku ta WhatsApp. Aji mai suna Dalibi, foyinta p (mai riƙe adireshin objek) an ba ta nullptr, wato adireshi sifili da bai nuna komai, sai aka kira p->gaisuwa(). Kowa ya zuba ido shirin ya faɗi, sai ga "Sannu" a allo. Har wani ya rantse kamfaila, mai fassara shirin zuwa harshen inji, ita ce ta samu taɓin hankali. Lafiyarta lau.

Ga inda ake tuntuɓe. Yawancinmu mun ɗauka metod, wato aikin da aka rubuta cikin aji irin gaisuwa, yana zaune ne a cikin objek. Ba ya can. Kwafi ɗaya tak gare shi, a ɓangaren umarnin shirin, ko objek dubu ka ƙirƙira ko ko ɗaya babu. Bayanai ne ke cikin objek: suna, maki da sauransu.

[A rage gudu a nan]

Idan ka rubuta p->gaisuwa(), kamfaila na mayar da shi kamar gaisuwa(p). Tun lokacin haɗa shirin ta san inda metod ɗin yake, saboda ta san p na ajin Dalibi ce. Adireshin da ke cikin p kuwa miƙa shi kawai take yi a ɓoye, shi ne this. Yau this sifili ne. To gaisuwa ta leƙa shi? A'a, "Sannu" ta buga ta koma.

Kamar ka ba ɗan kabu-kabu kwatancen gidan da babu shi, ka ce ya danna oda. Zai danna. Sai ka ce je ka gidan ka ɗauko min saƙo, nan rigima za ta tashi.

[Allo: an ƙara suna cikin gaisuwa]

Ga saƙon. Yanzu metod na son karanta this->suna a adireshin da ke dab da sifili, wurin da Linux da Windows suka katange. Shirin ya faɗi. Ka sa virtual a gaban metod ɗin, nan ma faɗuwa, ko da bai taɓa komai ba, don sai an buɗe objek an duba teburin adireshin metod kafin a san wanda za a kira.

Java ba ta wannan wasa, kuskuren NullPointerException take jefo maka nan take.

Kada wani ya ce ai ya yi aiki. A ƙa'idar C++ wannan kira ba shi da tabbataccen sakamako, kamfaila na da damar yin abin da ta ga dama da shi. Masu rubuta if (this == nullptr) a cikin metod, wallahi ku bari. Tsohuwar dabara ce, har a MFC, tarin kod na Microsoft, akwai ta, a metod ɗin GetSafeHwnd. Amma daga siga ta 6, a 2016, kamfailar GCC ta fara ɗaukar cewa this ba ya zama sifili, tana iya share binciken gaba ɗaya. Manyan shiraruwa irin su Chromium da Qt 5 sai da abin ya shafe su.

A duba p kafin kira. In kuma metod bai buƙatar objek, a mai da shi static.

[Allo: tamina]

Yanzu ku sake haɗa shirin farko da -fsanitize=undefined, zaɓin kamfaila mai bankaɗo irin wannan kira. Kun ga an nuna lambar layin da aka yi kiran, alhali "Sannu" ɗin na nan a ƙasa.