Ƙasar da Ba Ta da Bayan Gari

An ɗauko wannan daga faifan wata lacca da wani injiniya ɗan'uwanmu ya gabatar wa Hausawa mazauna Jidda bayan sallar isha'i. An rage maimaici kaɗan.

Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena da ƙannena, na gode da kuka zauna duk da gajiyar aiki.

A gida idan shara ta taru, me muke cewa? A kai ta bayan gari. To yau ina so in kai ku ƙasar da ba ta da bayan gari, wato Maldibs, can cikin tekun Indiya. Tsibirai ne kusan 1,200, amma waɗanda jama'ar ƙasar ke zaune a kai ba su kai 200 ba. Musulmi ne 'yan'uwanmu, wajen mutum rabin miliyan. Tudun ƙasar a matsakaici mita ɗaya da rabi ne a kan teku, tsayin mutum ma bai cika ba. Idan ka haƙa rami don binne shara, ruwa za ka tarar.

Da Male, babban birninsu, ya cika ya batse, sai a 1992 suka fara zuba shara a wani wuri mara zurfi a cikin teku, kilomita bakwai ko ƙasa da haka yamma da birnin. A zuba shara, a rufe da yashi, a sake zubawa, har abin ya zama tsibiri. Sunansa Thilafushi. Yau akwai rumbunan ajiya da wuraren gyaran jiragen ruwa a kansa, duk a bisa juji.

Aiki ya taɓa kai ni can. Wallahi tun muna cikin kwalekwale warin ya tarye mu, ga hayaƙi ya turnuƙe, don a lokacin a fili ake ƙona sharar. Na ga wani bawan Allah ɗan Bangaladash ya ɗaure hanci da tsumma, silifas ne a ƙafarsa, yana tonon gwangwanaye a gefen wuta, ƙuda sun baibaye shi. Batir, robar ruwa, ragowar kifi, kunzugun jarirai, duk a cakuɗe. Kuma idan ka ɗaga kai kana hango otal-otal ɗin da masu kuɗin duniya ke zuwa hutawa, waɗanda sharar tasu ce ke zuwa nan a jirgi. A ƙarshen 2011 sai da gwamnati ta dakatar da sauke shara na ɗan lokaci, saboda jirage sun gaji da layi suna juyewa a ruwa. Mutanen da kamun kifi da baƙi ne abincinsu, ga shi suna ɓata tekun da hannunsu. Ba mugunta ba ce, wurin ne babu.

A 2021 suka daina ƙonawar fili, suka kuma fara hana shigo da wasu ledoji da robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Sun kama aikin tashar da za ta ƙone shara ta ba da lantarki. Singafo ta riga su: tana ƙone sharar, girmanta ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari, a kai tokar tsibirin Semakau da aka buɗe a 1999. Shi ma lissafinsu ya nuna zai cika wajen 2035.

Baba Alhaji, na ga kana murmushi, kamar kana cewa mu ai muna da sahara. Gaskiya ne, kuma ita ce ke ruɗin mu. Waɗanda suka daɗe a Jidda sun san Tafkin Miski, inda tankoki suka yi shekaru suna juye ruwan masai a gabashin gari. Muna ganin ya yi nisa, sai da ambaliyar 2009 ta zo hankalin kowa ya tashi kada ya ɓalle, sannan aka ƙafar da shi. Hukuma a nan ta kafa cibiyar kula da shara a 2019, ta fitar da sabuwar doka a 2021. Amma babu injin da zai raba kwali da miya bayan mun haɗa su.

A nan zancen ya zo kanmu. Su wa ke sake sarrafa shara a unguwanninmu tun kafin a kafa kowace cibiya? 'Yan jari-bola ne, kuma da yawansu iyayenmu mata ne. Akwai wata dattijuwa da ke bi ta layinmu bayan asuba da tsohon keken jarirai, tana tsince gwangwani da kwali kafin motar baladiyya, wato hukumar birni, ta zo. Wata rana na ga hannunta yana jini. Gilashin kofi ne wani ya jefa cikin leda tare da ragowar shinkafa. Na tsaya na ce, "Sannu Mama." Ta ce, "Ɗana, ciwon da sauƙi, kwalin ne ya jiƙe da mai, ba mai saye." Tun ranar ban sake haɗa shara ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sanar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, balle kawar da shi daga hannun tsohuwa.

Abin da muke yi a gidana ba wuya. Gwangwani da roba leda guda. Kwali a ninke a ɗaure, a ajiye gefen durom, kada a cusa ciki. Busasshen burodi dabam, masu dabbobi na so. Gilashi a naɗe a takarda. Batir kuwa kada ya shiga shara sam, don gubarsa ƙasa take bi ta shiga ruwa.

Hajiya a baya ta ɗaga hannu tun ɗazu. Bismillah Hajiya, muna jin ki.