Amsoshin Tambayoyinku: Tauraron Labari da Jarumi, Ɗaya Ne?

Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wata ɗaliba a Zinder, tana cewa: a ƙagaggen labari, shin tauraro shi ne jarumi, ko kuwa akwai bambanci?

To Malama, akwai bambanci, duk da cewa 'yan fim ɗinmu na Kano sun saba kiran duk wanda ya ja shiri jarumi, ko da ɓarawo ya fito.

Tauraro matsayi ne a cikin labari. Shi ne wanda ake bi sawu da ƙafa, buƙatarsa ce ke jan zaren labarin, in ka cire shi komai ya watse. Ba a tambayar halinsa. Jarumi kuwa sai ya yi abin a zo a gani, ya sa ransa cikin haɗari domin amfanin wasu. Bayajidda da ya kashe macijin rijiyar Kusugu a Daura, mutanen gari suka samu ruwa, jarumi ne, kuma tauraro ne a labarinsa. Nan abubuwan biyu sun haɗu.

Amma ki tuna da Gizo. Tatsuniyoyi nawa ne ke tafiya a kansa? Shi ne tauraro babu tantama, alhali maƙaryaci ne, mai kwaɗayi, ya cuci Kura, ya yaudari matarsa Ƙoƙi, in an ritsa shi ya ɗare rufin ɗaki. Muna dariya, har mukan so ya tsira, amma babu uwar da za ta ce wa ɗanta ya yi koyi da shi.

Haka ma Abubakar na littafin Jiki Magayi, wanda aka buga a shekarun 1930. Malam Shehu ya raba shi da Zainabu da ƙarfin dukiya, mai karatu ya tausaya masa. Sai Abubakar ya bazama neman asirin da zai lalata ɗan da Malam Shehu da Zainabu suka haifa, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Labarin na Abubakar ne, amma wa zai kira shi gwarzo? Ni dai a ganina irin wannan tauraron ya fi daɗin karatu, domin kana binsa kana faɗa da shi a zuci.

Da fatan Malama ta gamsu. Sai wasiƙa ta gaba, daga Gusau.